Yaya ake cewa an fifita wani a kan wani da Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata makarantar sakandare. Shugabanmu ya ɗauki wani malami ɗan lele. Shi ake turawa kowane taron bita, shi aka ƙara wa girma alhali na riga shi kama aiki, in ya makara kuma ba mai ce masa kanzil. Ina so in rubuta wa hukumar makarantar takardar koke da Turanci. Waɗanne karin magana Turawa ke yi a kan irin wannan fifiko, na mutane da na abubuwa, don in koya wa ɗalibaina? Wacce kuma ta dace in sa a takardar?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya ba ki haƙuri, ya fitar miki da hakkinki. Abin da kika bayyana yana da ciwo, balle ga wanda ya san yana sammakon fita yana yin abin da aka ɗora masa. Kin kuma yi dabara da kika tsaya tambaya kafin ki ɗora biro a takarda, domin karin maganar Turanci a kan fifiko suna da yawa, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ƙamus zai jera miki su wuri guda sai ki ɗauka duk abu ɗaya suke nufi. A bakin masu harshen kuwa, wata ƙauna ce zalla, wata gori ce ga wanda aka fifita, wata kuma tuhuma ce ta maguɗi wadda in kika rubuta ta dole a ce ki kawo hujja. Duk wadda za ki ɗauka, ki fara tambayar kanki: wa take sara, mai fifitawar ko wanda aka fifita, kuma da wane ƙarfi?

Mu fara da kalmar da ba ta da ado, wato "favour". Ana cewa "The principal favours him over the rest of us", shugaba ya fifita shi a kanmu. Ƙaramar kalmar da ke bin ta ita ce "over". Ita kuwa "prefer" da "to" take tafiya: "I prefer tea to coffee". Ki ja kunnen ɗalibanki a nan, don "prefer than" na cikin kurakuran da suka fi yawa a takardun jarrabawar yaranmu. "Than" abokiyar tafiyar "would rather" ce: "I would rather walk than wait". A Ingila ana rubuta "favour", a Amurka "favor", bambancin da ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 ya taimaka wajen kafawa. Makarantunmu rubutun Ingila suke bi, don haka ki tsaya a kansa daga farkon takarda har ƙarshe. Kalmar tana da wasu ma'anoni biyu da kan rikita mai koyo. In mai sharhin ƙwallo ya ce ɗan wasa "is favouring his left leg", yana nufin ƙafar hagun ce ke masa ciwo, yana lallaɓa ta, ba ya son taka ta da ƙarfi. A kudancin Amurka kuma in tsohuwa ta ce yarinya "favors her mother", cewa take yi ta ɗebo kamannin uwarta.

Yanzu ga sunayen da ake laƙaba wa shi ɗan lelen. Wanda ɗalibanki za su fi saurin kamawa shi ne "teacher's pet". "Pet" dabbar gida ce da ake shagwaɓawa, kyanwa ko kare. Yara ne ke jifan ɗan ajinsu da wannan suna, yaron nan da malam ke ba wa rubuta sunayen masu surutu, mai ɗaukar masa littattafai zuwa ofis, wanda hannunsa ke sama tun kafin a gama tambaya. Gori ne, kuma yaron yake sara, malamin bai cika jin zafinsa ba. In aka faɗa wa babban mutum a wurin aiki, an mayar da shi yaro ke nan, an ƙasƙantar da shi.

Wadda ta fi kusa da abin da kike nufi ita ce "blue-eyed boy", yaro mai shuɗin ido. Ta mutanen Ingila ce. Amurkawa "fair-haired boy" suke cewa, yaro mai gashi ruwan zinare. Ita ce daidai da namu ɗan gaban goshi ko shafaffe da mai: wanda oga ke ji da shi, laifinsa ba ya ganuwa, alheri kuma shi yake fara samu. "He is the principal's blue-eyed boy". Ga mace a ce "blue-eyed girl". Sai dai ki san abu biyu. Na farko, maganar tana nuna cewa ba ƙwazonsa ne ya kai shi wurin ba, kuma mai sauraro yakan jiyo ƙanshin haushi a bakin mai faɗa. Abokan aiki ne ke yin ta a ɗakin malamai in oga ba ya nan. Na biyu, hoton da ke cikinta na ɗan farar fata ne a matsayin abin so, shi ya sa akwai masu jin Turanci a yau da ba sa son ta. Ni dai nakan koyar da ita don ɗalibi ya gane ta in ya gamu da ita a jarida, amma ba na matsa masa ya riƙa amfani da ita.

Kada ki haɗa ta da "golden boy". Wannan yabo ya fi rinjaye a cikinta: matashi mai baiwa wanda tauraruwarsa ke haskawa, kowa na sha'awarsa. Akwai ma kyautar ƙwallo mai wannan suna da jaridar Tuttosport ta Italiya ke bayarwa tun 2003 ga matashin ɗan wasan da ya fi fice a Turai. Messi ya karɓa a 2005, Mbappé a 2017. To kin ga in kika kira abokin aikinki haka, kin yaba masa ne ba ki sani ba. Amma "golden child" ta cikin gida ce, ɗan da iyaye suka fifita a kan 'yan'uwansa, ɗan mowa ke nan, kishiyarsa kuma "black sheep", wanda dangi ke gani shi ne bare a cikinsu. Akwai kuma "flavour of the month", daga masu sayar da askirim a Amurka da kan tallata ɗanɗano ɗaya kowane wata. Ana faɗa wa wanda yayinsa ake yi yanzu, da nufin cewa gobe wani ne. Batun makarar da kika ambata kuma, jimlar da ta dace da shi ita ce "In the principal's eyes, he can do no wrong", wato a idon shugaba ba ya laifi.

Akwai wasu da ba su da alaƙa da zargi ko kaɗan, kuma a nan ne na fi ganin mutanenmu suna zamewa. Babbarsu "the apple of my eye". Tsohuwar magana ce ƙwarai, tana cikin Turancin zamanin Sarki Alfred, a ƙarni na 9, kuma ta shiga bakin jama'a sosai ta hanyar fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, inda ta zo a wurare da dama, har da Zabura ta 17. "Apple" a nan ba tuffa ake nufi ba, ƙwayar ido ce, don mutanen da sun ɗauka baƙin tsakiyar ido wani dunƙulallen abu ne. Ma'anar ita ce abin da mutum ke karewa fiye da komai. Kaka ce ke faɗa wa jikanta, uba ga 'yar autarsa, irin yadda mu ke cewa sanyin idona. In kika rubuta wa hukuma cewa malamin nan "is the apple of the principal's eye", mai karatu zai yi murmushi, wani ma ya fassara ta da abin da ba ki nufa ba, don magana ce ta soyayya da shaƙuwa.

Haka "have a soft spot for someone". Mutum ne yake da rauni a zuciya a kan wani, yana tausaya masa, yana masa uzuri. Sau da yawa mai yin ne da kansa ke faɗa: "I have a soft spot for the quiet pupils at the back". Ba laifi yake amsawa ba, halinsa yake bayyanawa. "Partial" kuwa fuska biyu gare ta, kuma ƙaramar kalmar da ke bayanta ce ke raba su. "I am partial to kilishi" na nufin ina son kilishi, shi ke nan. Amma "The referee was partial" tuhuma ce, alƙalin wasa ya yi son kai. Yaranmu sun san wannan ta biyun, shi ya sa za ki ji su a filin wasa suna ihun "partiality".

Maganar da ke ɗora laifin a inda yake, wato a kan mai fifitawar, ita ce "play favourites". "A good head does not play favourites". Ita ce ta fi dacewa da halin shugabanku, kuma ba ta zagi abokin aikinki ba. Ina son ta saboda haka. Sau da yawa wanda aka fifita bai roƙa ba, an ba shi ne ya karɓa, kuma mai riƙe da ragama ne ya kamata ya amsa tambaya. 'Yan'uwanta su ne "show favouritism", da "double standards", wato ma'auni biyu, da kuma wadda mutanen Ingila ke yawan yi wa 'yan siyasarsu, "one rule for them and another for the rest of us". In shugaba yana gani ya kawar da kai, sai a ce "he turns a blind eye to it". Turawa kan jingina wannan da labarin Nelson, kwamandan jiragen ruwan yaƙinsu mai ido ɗaya, wanda aka ce a yaƙin Copenhagen na 1801 ya ɗora madubin hangen nesa a kan makahon idonsa don kada ya ga alamar da ke umurtarsa ya janye.

Daga nan sai maganar ta yi nauyi, ta tashi daga son zuciya ta koma zargin maguɗi. Yawancinsu daga kasuwa, caca da wasanni suka fito. "Put a thumb on the scale" hoton mahauci ne yana auna miki nama, idonki na kan allurar sikeli, shi kuma ya ɗora babban yatsansa a gefen faranti yana dannawa kaɗan, allura ta kai kilo alhali naman bai kai ba. Tauye mudu ke nan a ɓoye. In kika ce an yi haka a zaɓen wanda za a ƙara wa girma, kin ce da gangan aka karkatar da sakamakon. Ki bambanta ta da "tip the scales", wadda ba ta da laifi: "Her experience tipped the scales in her favour", gogewarta ce ta rinjayar da ma'auni. "Stack the deck" shirya katin karta ne tun kafin a raba, "load the dice" kuma sanya wa ɗan ludo nauyi a gefe ɗaya don ya riƙa faɗuwa a lambar da ake so. "Move the goalposts" ita ce a canza sharaɗi bayan an fara wasa: an ce sai mai digiri, kin kawo digiri, sai a ce ai sai mai digiri na biyu. Wanda aka share wa hanya kuma a ce "he has the inside track", daga tseren dawaki, inda layin ciki ya fi gajarta. Abin da mai koke ke nema shi ne "a level playing field", fili mai bai ɗaya da bai gangara wa kowa ba. Cikin wannan rukunin, ita kaɗai ce za ta iya shiga takardar ofis ba ta tayar da ƙura ba, don buƙata ce, ba zargi ba.

Sai manyan kalmomin da jaridu ke so, waɗanda kowacce ke da nata gurbin. "Nepotism" fifita dangi ne kawai. Asalinta kalmar Latin ce mai nufin ɗan ɗan'uwa, kuma daga fadar Fafaroma ta samo suna, lokacin da fafaromomi kan naɗa 'ya'yan 'yan'uwansu manyan muƙaman coci. Fafaroma Callixtus na 3 ya naɗa ɗan 'yar'uwarsa Rodrigo Borgia kadinal a 1456, shi kuma daga baya ya zama Fafaroma a 1492. Sai a 1692 Fafaroma Innocent na 12 ya fitar da dokar da ta taka wa al'adar birki. Saboda haka in malamin nan ba ɗan'uwan shugaba ba ne, ba surukinsa ba, kada ki ce "nepotism". Na sha ganin ana jefa kalmar a kan kowane irin son kai, kuma da zarar wanda ake ƙara ya ce "ba mu haɗa jini ba", koken ya rushe. Fifita abokai da 'yan koren siyasa shi ne "cronyism". Daga "nepotism" ne matasan intanet suka ƙirƙiro "nepo baby", wadda ta bazu a 2022, ana nufin 'ya'yan taurarin fim da mawaƙa da suka sami shiga saboda sunan iyaye. Mu da muka ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

"The old boy network" ta Ingila ce tsantsa. "Old boy" tsohon ɗalibi ne, musamman na makarantun kwana na masu hali irin su Eton da Harrow, waɗanda ɗalibansu suka daɗe suna cika majalisa, bankuna da manyan ofisoshin gwamnati. David Cameron da Boris Johnson duk 'yan Eton ne. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai abu ne na mutunci, mu ma muna da irinsu. Amma da an ƙara "network", an koma zargin cewa suna ɗaukar junansu aiki suna rufe wa bare ƙofa. "Jobs for the boys" ita ce raba muƙamai ga 'yan gida. Amurkawa suna da tasu, "the spoils system", daga maganar da Sanata William Marcy ya yi a 1832 cewa ganima ta wanda ya ci yaƙi ce. A wancan zamani duk jam'iyyar da ta ci zaɓe sai ta kori ma'aikata ta zuba nata. Sai da wani mai neman muƙami da bai samu ba ya harbe Shugaba James Garfield a 1881 kafin aka yi dokar Pendleton a 1883, wadda ta fara ɗora ɗaukar ma'aikatan tarayya a kan jarrabawa da cancanta. In kuma wani babba ne ya sa baki a ɓoye aka yi wa mutum alfarma, "someone pulled strings for him", hoton mai jan zaren 'yar tsana daga bayan labule.

Akwai wadda ake juya wa alkibla, "curry favour". Mai neman a fifita shi ne ke yin ta, wato fadanci da neman gindin zama: "He curries favour with the principal". Ba ruwanta da kori na miya. "Curry" a nan tsefe doki ne da goge masa jiki. A wata doguwar waƙar Faransanci ta wajen 1310 akwai wani doki mayaudari mai suna Fauvel wanda manya da ƙanana ke layin shafa shi don neman biyan buƙata. Turawan Ingila suka ɗauko "curry Favel", da sunan dokin ya ɓace wa mutane sai suka mayar da shi "favour". Wanda fadancinsa ya karɓu "is in the boss's good books", wanda aka yi fushi da shi kuma "is in his bad books". Akwai masu kaushi irin su "bootlicker" da "suck up to", waɗanda zagi ne kai tsaye, ba na aji ba ne.

Ki kuma faɗakar da ɗalibanki cewa akwai Turancinmu na Najeriya da Bature ba zai gane ba. "Long leg" da "man-know-man" duk namu ne, suna da daɗi kuma suna isar da saƙo a tsakaninmu, amma mai duba takardar jarrabawa zai ja musu jan layi. "Sacred cow" a jaridunmu mutum ne da ba a taɓawa. A Ingila da Amurka an fi faɗarta a kan wata al'ada, ra'ayi ko hukuma da mutane ba sa yarda a soka. "Godfather" a wurinmu ubangidan siyasa ne, a wurinsu kuwa ma'anar farko ita ce wanda ya tsaya wa yaro a wurin baftisma, sai kuma shugaban 'yan ta'addar Mafiya.

Na abubuwa ba su da wahala, don ba wanda ake ɓata wa suna. "I lean towards the first option", na fi karkata ga na farko. "I would take rice over yam any day", ko yaushe shinkafa zan ɗauka. "She swears by this soap", ta yarda da sabulun nan ɗari bisa ɗari. "It is not my cup of tea", ba irin nawa ba ne, kuma an fi yin ta da korewa. "Safety takes precedence over speed" ta ofis ce, ana nufin wannan ke gaba da wancan. Sai ki kula da "in favour of": in aka ce "They dropped French in favour of Arabic", abin da ya zo bayanta shi aka zaɓa, wato Larabci. Ɗalibai kan juya ta a tambayoyin fahimta su yi asarar maki.

To, mu dawo kan takardarki. Shawarata ita ce kada ki sa ko ɗaya daga cikin sunayen gorin nan, kada kuma ki sa na maguɗi. Wanda zai karanta koken mai yiwuwa ya san shugaban shekara da shekaru, yana kuma neman dalilin da zai ajiye takardar a ƙasan fayil. In ya ga "blue-eyed boy" ya samu: zai ce kishi ne tsakanin malamai. In ya ga "stacked the deck" zai ce kin yi ƙazafi. Turancin ofis a irin wannan wuri busasshe ne, kuma a bushewar ƙarfinsa yake. Kalmomin da ke aiki su ne "preferential treatment", "passed over", "inconsistent", "criteria". Ga yadda zuciyar takardar za ta iya kasancewa:

"I was passed over for promotion in favour of a colleague who joined the school after me. I have also not been nominated for any of the workshops held since my appointment. The rules on lateness appear to be applied inconsistently. I respectfully request to know the criteria used for promotion and for workshop nominations."

Ki duba abin da jimlolin nan suka yi. Ta farko ta faɗi abin da ya faru, an tsallake ki an ba na bayanki, kuma rajistar ma'aikata za ta gaskata ki. Ta biyu ma ana iya bincikawa. Ta uku ta ce "appear to be", ga alama, wanda ya bar wa hukuma aikin buɗe littafin sa hannu na safe ta gani da idonta. Ta huɗu ita ce mai ƙarfin duka, domin ba ki zargi kowa ba, kin dai ce a nuna miki ma'aunin da aka yi amfani da shi. In akwai ma'auni, za ki san abin da ya rage miki. In babu, su da kansu za su ga babu. A taki takardar ki sa ranar da kika kama aiki, da ranar da shi ya kama, da sunan kowane taron bita da watan da aka yi shi. Abin da ba ki da tabbacinsa ki bar shi, ko da kowa a ɗakin malamai yana faɗa.

Kalma ɗaya nake so ki yi taka-tsantsan da ita, "discrimination". A maganar yau da kullum mutane na jefa ta ko'ina, amma a takarda kalmar shari'a ce. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa, garinsu, jinsinsa, addininsa ko ra'ayinsa na siyasa. In kina da dalilin ganin cewa don ke mace ce aka tsallake ki, ko don inda kika fito, to kalmar ta dace, kuma lamarin ya wuce koke na cikin gida. Ki nemi shawarar ƙungiyar malamai ko lauya kafin ki rubuta. In kuwa shugaba jininsa ne kawai ya haɗu da na wancan, "favouritism" ce kalmarki, kuma sau ɗaya ta isa a duk takardar.

In kina son jimla guda mai kwarjini da za ki rufe da ita, akwai "without fear or favour". Tana cikin rantsuwar kama aiki da ke Jadawali na 7 na kundin tsarin mulkinmu, inda shugaban ƙasa da gwamnoni ke alkawarin yi wa kowa adalci "without fear or favour, affection or ill-will", ba tsoro, ba son kai, ba don ƙauna ko ƙiyayya ba. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san ta, kuma ba ta soki kowa ba. Kina iya cewa "I trust the board will look into this matter without fear or favour." Ki buga takardar kwafi biyu, ki miƙa ta hanyar da dokar makarantarku ta tanada, ki sa a buga miki hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinki, ki adana shi a gida. Allah ya ba da sa'a, Malama.